Dokar da ta hana a tasa ƙeyar ɗan gudun hijira zuwa inda ya tsere

A watan Mayun 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya tashi daga Jamus ɗauke da mutum fiye da 900, kusan dukkansu Yahudawa masu gudun gwamnatin Hitila. Kyuba ta hana mafi yawansu sauka, Amurka ta ƙi karɓar su, Kanada ma haka. Har fitilun birnin Mayami sun hango daga kan jirgin kafin a juya da su Turai. Daga baya 254 cikinsu suka mutu a kisan kiyashin 'yan Nazi. Kunyar irin wannan lamari na cikin abubuwan da suka haifi Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira, wadda aka amince da ita a birnin Janiba ranar 28 ga Yulin 1951. Da farko ta taƙaita ne ga waɗanda abubuwan da suka faru kafin 1951 suka kora, galibi a Turai, sai a 1967 aka yi mata ƙari aka cire wannan iyaka. Yau ƙasashe 149 sun shiga ɗaya daga cikin takardun biyu ko duka.

A bakin jama'a duk wanda ya bar gida saboda masifa ɗan gudun hijira ne. A wajen wannan doka kuwa sai an cika sharuɗɗa. Dole mutum ya kasance ya fita daga ƙasarsa, kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron za a gallaza masa idan ya koma, saboda ɗaya daga cikin abubuwa biyar: launin fata ko ƙabilarsa, addininsa, asalin ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Ba a buƙatar sai an taɓa kama shi ko an yi masa duka. Ɗan jaridar da aka ɗaure abokan aikinsa, aka kuma fara zuwa ƙofar gidansa da daddare ana tambayar inda yake, ba sai ya jira an fasa ƙofar ba.

Zuciyar yarjejeniyar ita ce sashe na 33. Ya ce babu ƙasar da za ta kori ɗan gudun hijira ko ta mayar da shi, ta kowace irin hanya, zuwa inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. A lura da abin da sashen bai ce ba. Bai yi wa kowa alkawarin zama ɗan ƙasa ba, bai kuma ba mutum damar zaɓar ƙasar da ransa ke so ba. Abin da ya tilasta shi ne kada a mayar da shi bakin kura. Daga nan ne wani haƙƙi ya fito wanda ni a ganina shi ne ginshiƙin komai: tunda ba a gane wanda ke cikin haɗari a fuska, dole a saurari mutum kafin a kore shi. Jami'in da ya juya kwalekwale cike da mutane ba tare da ya tambayi ko sunan ɗaya ba, bai san wa ya mayar ba.

Sashe na 31 ya ƙara da cewa ba za a hukunta ɗan gudun hijira don ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, muddin ya taho kai tsaye daga inda yake cikin haɗari, ya kuma miƙa kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Hikimar a fili take. Wanda gwamnatinsa ke farauta ba zai je ofishinta neman fasfo ba. Shi ya sa kiran kowa da kowa baƙin haure, kafin a ji ta bakinsa, kuskure ne.

Akwai togaciya. Wanda ya aikata laifin yaƙi ko ta'asa ga bil'adama ba ya samun wannan kariya, haka ana iya korar wanda ya zama barazana ga tsaron ƙasar da ta sauke shi. Amma ko shi ɗin, Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ta hana a miƙa shi inda za a gana masa azaba.

Ƙasashe masu arziki ba su cika fitowa su ce sun yi watsi da dokar ba. Dabararsu ita ce hana mutum isowa inda zai buɗe baki ya ce yana neman mafaka. A 2009 jiragen Italiya suka tare mutum wajen 200 a Bahar Rum suka mayar da su Libiya. Wasu 'yan Somaliya da Eritiriya daga cikinsu suka kai ƙara, kuma a 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce Italiya ta karya doka: tun da mutanen suka hau jirginta suna hannunta, ko da a tsakiyar teku ne. Birtaniya kuma a 2022 ta ƙulla shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Kotun Ƙolin ƙasar ta ce shirin ya saɓa wa doka a Nuwamban 2023, saboda akwai haɗarin daga can a mayar da su inda suka tsere, sabuwar gwamnati kuma ta soke shi a Yulin 2024.

Inda abin ke sosa rai shi ne waɗanda dokar ta bari a waje. Wanda yunwa, fari ko talauci ya kora ba ya cikinta, komai tsananin halin da yake ciki. Wanda ya gudu amma bai ƙetare iyaka ba shi ma ba ya ciki, alhali irinsu sun fi yawa a duniya. Afirka ta ɗan faɗaɗa ƙofar a 1969, lokacin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta sanya waɗanda mamaya ko mummunan tashin hankali ya kora cikin ma'anar ɗan gudun hijira, ko da ba su aka nufa da sunansu ba.

Yarjejeniyar ba ta da 'yan sanda. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya na sa ido tana jan kunne, amma ba ta iya tilasta wa kowa. Ba ta kuma raba nauyin tsakanin ƙasashe ba, don haka yakan faɗa kan maƙwabci, komai talaucinsa. Kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan gudun hijira suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Chadi ta karɓi dubban ɗaruruwan 'yan Sudan tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023. Bangaladash kuwa, wadda ko hannu ba ta sa wa yarjejeniyar ba, ta buɗe iyakarta ga 'yan Rohingya fiye da 700,000 da suka tsero daga Miyanma a 2017, kuma har yanzu suna can cikin bukkokin gora da leda.