Girka manhaja daga wajen Play Store: ina 'yanci, ina haɗari?

Me ya sa Android ke bari, iPhone kuma ba ta bari?

Android tana karɓar fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja, daga ko'ina, ko ta Xender aka turo maka, ko daga shafin intanet ka sauke. Tun Android 8, a 2017, sai ka ba Chrome ko Xender izini daban-daban kafin su girka wani abu. Apple kuwa ya kulle ƙofarsa, sai a 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa barin wasu shagunan manhaja a ƙasashenta.

To ina haɗarin yake?

Yawanci a izinin da manhajar ke nema bayan ta shiga. Uku ne mafi muni: karanta SMS, karanta sanarwa, da Accessibility. Biyun farko na ba ta damar ganin lambar OTP da banki ya aiko. Na ukun an yi shi ne don nakasassu, amma wadda ta same shi tana ganin duk abin da ke kan allo, har ta danna maɓalli da kanta. Shi ya sa daga Android 13 waya ke kulle izinin sanarwa da na Accessibility ga manhajar da aka girka daga fayil, sai ka buɗe da hannunka. Manhajar kallon ƙwallo da ta nace sai ka buɗe mata, goge ta kawai.

GB WhatsApp fa?

Kwaikwayon WhatsApp ce da aka yi wa sauye-sauye. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi ta ba, kuma yakan dakatar da lambar masu amfani da ita. Saƙonninka suna bi ta hannun wanda ba ka sani ba, shi ne kuma ke kawo maka sabuntawa.

Gaskiya ne Google zai hana gaba ɗaya?

A'a. A Agustan 2025 ya sanar cewa masu ƙera manhaja za su tabbatar da ko su wane ne, farawa daga Satumban 2026 a Brazil, Indonesiya, Singafo da Thailand. F-Droid, wani shagon manhajojin Android da ba na Google ba, ta soki shirin, tana ganin mai waya shi ke da ikon wayarsa, kuma tana da hujja. Daga baya Google ya ce zai bar hanya ga ƙwararru.

In dole sai na girka fa?

Sauke daga shafin masu manhajar, bar Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji na Google, a kunne, sannan ka janye izinin girkawa da ka ba Chrome da zarar ka gama.