Siffar ƙwai ba ta nuna zakara ko kaza

An daɗe ana cewa ƙwai mai tsawo da tsini zakara yake fitarwa, mai zagaye kuwa kaza, har wasu masu kiwo kan ware ƙwayayen da za a ƙyanƙyashe bisa wannan zato. Wannan kuskure ne. Siffar ƙwai tana bin halittar kazar da ta sa shi, da shekarunta da irinta, shi ya sa kaza guda takan yi ta sa ƙwai masu kama da juna, amma su fitar da maza da mata a gauraye. Jinsin ɗan tsako yana tabbata ne daga ƙwayar gado tun kafin ɓawo ya samu, kuma a wajen tsuntsaye uwa ce ke ƙayyade shi.

Abin dogaro shi ne haƙuri. Daga mako 4 zuwa 6, zankon namiji yakan riga na mace girma da ja, ƙafafunsa su yi kauri. Wajen wata 3, gashin wuyansa da na gadon bayansa kan fito da tsini da sheƙi, na sagara kuwa bakinsa a zagaye yake. Sai dai a kwatanta tsakin iri ɗaya masu kwana ɗaya, domin macen irin kajin da ake kira Leghorn, alal misali, tana da babban zanko da ke ruɗar mai kallo. Duba duburar tsako ranar ƙyanƙyasa don gane jinsinsa, dabarar da ta bunƙasa a Japan, aikin ƙwararru ne, kuma wanda bai koya ba yana iya raunata tsakon.