Faifan wasan harbi ba ya komawa ƙasa kamar yadda ake zato

Mutane da dama sun ɗauka faifan da inji ke cillawa sama a wasan harbi domin a harbe shi da bindiga yumɓu ne zalla, wai idan ya tarwatse ruwan sama zai narkar da shi ya koma ƙasa. Na farko da wani mai suna George Ligowsky ya ƙera a Amurka a 1880 yumɓu ne gasasshe, amma tuni aka bar wannan hanyar. Yawancin na yanzu garin farar ƙasa ne da aka ɗaure da kwalta, ta man fetur ko ta gawayin kwal. Kwaltar nan tana ɗauke da sinadarai masu iya haddasa ciwon daji, ɓaraguzanta kuwa sukan shekara da shekaru a fili, baƙi ƙirin a ƙarƙashin fentin ruwan lemo.

Shi ya sa wasu masu ƙera shi suka koma ga ƙaron itace, wanda ke ruɓewa a hankali. Sai dai a kula, ba kowane faifan da aka ce yana ruɓewa ne aka yi da tsiro ba. Wasu da farar wuta ake ɗaure su, ita kuwa idan ta taru tana sa ƙasa ta yi tsami har ciyawa ta ƙi fitowa. Ƙwayoyin dalmar harsashi ma suna nan zube, canza faifai bai kwashe su ba.