Jigilar motar tsere mai ja da tayoyin baya zuwa wuri mai nisa: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya sayi mota irin su Mazda MX-5, Ford Mustang, Nissan 370Z ko Toyota 86, ya kuma tashi kai ta gari mai nisa ba tare da ya tuƙa ta ba, misali daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Kano, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,000, yana bukatar ya fahimci abin da ke faruwa a cikin giyabos kafin ya kira janwe. Waɗannan motoci duka da tayoyin baya suke ja, kuma gajeru ne ƙwarai, cikinsu dab da ƙasa.

Me ya sa ake tsoron jan irin wannan mota tayoyinta na baya suna ƙasa, alhali an sa ta a firi?

Domin sa giya a firi yana raba inji da tayoyi ne kawai, ba ya raba tayoyi da giyabos. Tayoyin baya suna haɗe da aksul, aksul yana haɗe da farfela, wato doguwar sandar ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, farfela kuma ta shiga cikin giyabos. Idan aka ja motar, tayoyin ne ke juya farfela, ita kuma ta juya ƙarafan cikin giyabos, da saurin da za su juya in da ana tuƙa motar.

A mota mai giyar otomatik, famfon da ke harba man giya zuwa boris da faranti daga inji yake samun ƙarfinsa. Inji a kashe, famfo a tsaye, ƙarafa kuwa suna ta juyawa babu sabon mai, babu abin da ke kwashe musu zafi. Ɓarnar ba ta bayyana nan take, kuma wannan ne abin takaicin, domin mai mota zai iya isa gida lafiya, sai bayan kwanaki giya ta fara zamewa ko ta ƙi shiga. Shi ya sa littattafan da kamfanoni da yawa ke bayarwa tare da motocinsu suka ƙayyade irin wannan ja, galibi kada gudu ya wuce kilomita 50 a awa, kada nisa ya wuce kilomita 50, wasu kuma sun hana shi ɗungurungum. Wannan iyaka ta isa a kai mota garejin bakanike mafi kusa, amma ko kusa ba ta isa tafiyar gari da gari ba.

To idan motar mai giyar hannu ce, ai babu famfo, matsalar ta kau ke nan?

Ba ta kau ba, ta dai ragu. A yawancin giyabos na hannu da ke cikin motoci masu ja da baya, akwai sanduna masu haƙora, ta sama da ta ƙasa, kuma haƙoran sandar ƙasa ne ke nutse cikin mai, su ne ke watsa shi sama yayin da suke juyawa, kuma inji ne ke juya su. Idan inji a kashe yake giya kuma tana firi, sandar sama ce kaɗai ke juyawa tare da farfela, alhali babu abin da ke watso mata mai. Wasu giyabos suna jure haka, wasu ba sa jurewa, kuma littafin motar ne kawai zai faɗi wanne ne naka.

Wace hanya ce mafi aminci?

A ɗora motar gaba ɗaya, tayoyi huɗu a sama, ko dai a bayan babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya wanda ke zamewa ya sauko ƙasa, ko kuma a kan tirelar ɗaukar mota. A nawa ganin babu wani zaɓi da ya kama ƙafar wannan idan tafiyar ta wuce cikin gari, domin kuɗin hayar da ake gani da yawa bai kai kuɗin giyabos ɗaya ba, balle a ce irin na motocin da ba a samun kayansu a kowace kasuwa.

Ina batun ƙaramar kura mai taya biyu da ake ɗora tayoyin gaba a kanta?

An ƙera ta ne musamman don motoci masu ja da gaba. Idan aka ɗora gaban mota mai ja da baya a kanta, tayoyin da bai kamata su juya ba su ne aka bari a ƙasa. Mafita ita ce a kwance farfela daga wajen aksul, a yi wa mahaɗar alama da fenti domin ta koma yadda take, a ɗaure farfelar sama da kyau, a adana notuna. Ana guje wa zare ta daga bakin giyabos, saboda a motoci da yawa man giya zai tsiyaye ta wannan ƙofa. Wasu kan juya motar su ɗora tayoyin baya a kan kurar, gaba yana ƙasa, amma hakan yana mai da nauyin inji can ƙarshen abin da ake ja, ya dogara kuma da makullin sitiyari wanda ba a ƙera shi don wannan aiki ba, ga bamba da ke ƙara kusantar kwalta. Ban ba da shawarar yin haka a doguwar hanya ba.

Yaya za a hau da motar ba tare da an goge mata ciki ba?

A nan ne aka fi yi wa waɗannan motoci lahani, tun kafin a bar wurin da aka tashi. Tazarar cikinsu da ƙasa sau da yawa ba ta wuce santimita 13 ko 14 ba, hancinsu kuma dogo ne, don haka bamba ke fara taɓa gangaren hawa kafin taya ta isa. Ana rage tsayuwar gangaren ta hanyar shimfiɗa dogayen katakai masu kauri a ƙasansa, ko a nemi wuri mai ɗan tudu a jingina bayan tirelar. Mutum ɗaya ya durƙusa yana duban ƙarƙashin motar yayin da ake jan ta a hankali da winci, wato na'urar da ke naɗe waya tana jawo mota, kuma ya kula da tsakiyar cikinta da salansa a daidai lokacin da gaba ya haye, domin a nan ma takan zauna a kan ƙarfe. Wayar winci a maƙala ta a zoben ja da kamfani ya tanada, wanda a motoci da yawa ake samu cikin kayan aiki na but, ana ɗaura shi a wani rami da ke ɓoye a jikin bamba. Kada a yarda a saƙala ƙugiya a ƙafar taya ko sandar sitiyari, musamman da yake a irin waɗannan motoci sau da yawa da alminiyam ake yin wasu daga cikin sassan.

A ina ake ɗaure ta, kuma ina ya kamata ta zauna a kan tirela?

Ɗaurin da ya fi dacewa shi ne na bel mai rungume taya, ɗaya a kowace taya, guda huɗu, a tabbata bai bi ta kan tiyon birki ba. Amfaninsa shi ne tayoyi suna kafe, jikin motar kuma yana lilo a kan sifirin nasa, saboda haka bel ba ya saki ya kuma finciko duk lokacin da aka faɗa rami. Zoben ja na hawa ne, ba a dogara da shi wajen ɗauri. Bayan an gama sai a ja birkin hannu, a naɗe madubai, a kashe na'urar ƙararrawa idan tana da mai jin karkata, a kuma kulle rufin idan motar mai buɗewa ce. Kada a lulluɓe ta da tamfol sako-sako a buɗaɗɗiyar tirela, domin iska za ta yi ta kaɗa shi da ƙura har ya cinye fenti.

Game da zama, ƙa'idar ita ce ɓangare mafi nauyi ya kasance gaban tayoyin tirela, kimanin kashi 60 cikin ɗari na kayan. A Amurka ana so nauyin da ke danne mahaɗar motar ja ya kasance kashi 10 zuwa 15 na jimillar nauyin tirela da kayanta. Mota mai inji a gaba sai ta hau da fuska, amma Porsche 911, da injinta ke can bayan tayoyin baya, sau da yawa da baya ake hawa da ita domin nauyin ya koma gaba. A kuma haɗa lissafi tun farko: MX-5 ba ta wuce tan ɗaya da ɗan kai ba, Mustang na zamani kuwa ta haura kilo 1,600, sannan a ƙara nauyin tirelar kanta, a gwada da abin da littafin motar ja ya yarda ta ja. A Birtaniya da ƙasashen Turai tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, kuma duk tirelar da ke ɗauke da mota ta wuce wannan.

Me ake yi a kan hanya?

A rage gudu, a bar tazara mai yawa. Kamfanin haya na U-Haul a Amurka yana ba masu jan tirelolinsa shawarar kada su wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 88, kuma a hanya mai ramuka da tudun rage gudu ya kamata a yi ƙasa da haka sosai. A tsaya bayan kilomita kaɗan na farko a sake matse bel, domin sabon ɗauri yakan saki da zarar mota ta zauna daram, sannan a riƙa dubawa a kowace tsayuwa, a duba iskar tayoyin tirela da sarƙoƙin kariya da fitilu, a kai hannu kusa da cibiyar kowace taya a ji ko ɗaya ta fi sauran zafi, wanda alama ce ta boris da ke shirin ƙonewa. Idan tirela ta fara wutsil-wutsil hagu da dama, direba ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi, kuma da zarar ta lafa ya sami wuri ya tsaya, ya matsar da motar gaba kaɗan a kan tirelar kafin ya ci gaba.