Idan Marubuci Ya Ba da Labarin Kansa: Tambayoyi da Amsoshi

Wata Asabar bayan la'asar na tsaya wurin wani dattijo mai baza tsofaffin littattafai a kan buhu, a bakin kasuwa nan Katsina. Wani saurayi ya ɗauki ɗaya wanda bangonsa ya cire, an ɗinke gindinsa da zare. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Baba, wanga labari ne ko tarihi?" Dattijon bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, mutum ne ke ba da labarin kanshi, kai za ka raba." Saurayin ya ajiye, ya sayi na soyayya. Tambayoyin nan irin waɗanda ɗalibai da masu sha'awar rubutu kan yi mini ne a kan irin littafin da aka ajiye.

Mene ne bambancin littafin tuna baya da tarihin rayuwa?

Tarihin rayuwa wani ne ke bincike ya rubuta a kan wani. Tarihin kai kuwa mai abin ne ke bin rayuwarsa daga haihuwa zuwa inda ya tsaya. Tuna baya ya fi su 'yanci: mutum ya yanko ɓangare guda ya zauna a kansa. Wole Soyinka a Aké (1981) yarintarsa a Abekuta kaɗai ya ɗauka. Ɗaha Husaini na Masar, a Al-Ayyam, ya faro daga ƙauyensu da yadda ya makance yana ƙarami, ya bi ta karatun Azhar, kuma bai ce "ni" ba, sai "yaron".

Mu Hausawa muna da irinsu kuwa?

Muna da su, sai dai yadda suka samu abin lura ne. Dorugu, yaron da ya fito daga yankin Damagaram, aka kama shi bawa, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushe matafiyi Heinrich Barth har Ingila, ya zauna ya ba wani ɗan mishan mai suna Schön labarinsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Har yadda Turawa ke zama cin abinci sai da ya kwatanta, da idon baƙo. Baba mutuniyar Karo ta ba wata Baturiya, Mary Smith, nata labarin tsakanin 1949 da 1950, ya fito da Turanci a 1954: harin bayi, aure da fita, ƙawance, bori. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da My Life a 1962. Na Abubakar Imam kuma an buga shi da Turanci a Zariya a 1989, shekara 8 bayan rasuwarsa, Abdurrahman Mora ne ya tace.

Ka duba da kyau. Biyu na farko baƙi ne suka tambaya kafin aka faɗa. Biyu na baya da Turanci suka fara fita, har da na mutumin da ya rubuta Magana Jari Ce. Labarin tafiya ya fi yi mana sauƙi da Hausa, kamar Tafiya Mabuɗin Ilmi na Imam bayan zuwansa Ingila a 1943, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano.

Me ya sa haka?

A ganina kunya ce da kara. Mun tashi muna jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma ba ya kiran unguwa su zo kallo. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, yaya za ta rubuta shafi talatin a kan ranar da ta haife shi? Dattijo zai faɗa maka sunan kowane malamin da ya koya masa, da kowane Razdan da ya yi zamani da shi, amma ya wuce aurensa a layi ɗaya. Labarin tafiya ya fi daɗin faɗa saboda kan wasu ake magana, mai labarin yana gefe.

Shi ya sa mai karanta irin namu sai ya koyi jin shiru. Inda marubuci ya yi sauri ya wuce, yawanci nan ne abin ya taɓa shi. Ba ina cewa a riƙa ƙirƙira masa abin da bai faɗa ba, a'a. A dai lura da inda alƙalaminsa ya yi tsalle.

To duk abin da ke ciki gaskiya ne?

Gaskiyar mutum ɗaya ce, kuma ta tsufa a bakinsa. Ɗan siyasa yana rubutu abokan hamayyarsa na raye. Baba tana magana da Baturiya, ta san wa ke saurare. Idan shekara ko adadi kake nema, ka gwada da wani littafin. Idan kuwa so kake ka ji yadda gari ke kwana da fargabar mahara, babu takardar gwamnati da za ta ba ka wannan.

Littattafan koyar da rubutu fa, suna da amfani?

Waɗanda suka haɗa da labarin mai su sun fi amfani, don kana ganin inda shawarar ta fito. On Writing na Stephen King (2000) kashi mai yawa tuna baya ne: ƙusar da ya kafa a bango yana soke takardun da masu mujallu suka mayar masa da labaransa, har ta kasa ɗauka. Wani edita ya rubuta masa cewa gyara na biyu shi ne rubutun farko an rage kashi 10 cikin 100. Wannan shawara tana aiki a kowane harshe, kuma masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp har ya kai babi 120 sun fi kowa bukatarta.

Amma ba duka ake haɗiya ba. King ya yaƙi kalmomin bayanau na Turanci, ya ce suna raunana jimla. Wani ɗalibi ya karanta, ya dawo ya kankare duk amsa-kama daga labarinsa. Ya cire "tsit", ya cire "wuf", ya cire "fari fat". Da ya karanta mini a bayyane sai na ji kamar miya ba daddawa. "Gari ya yi tsit" ba ado ba ne, shi ne maganar. Dokar Turanci ce, ta zauna a gidansu.

Akwai misali na kusa da gida kan yadda marubuci ke koyon aiki?

Ga shi a bakin ƙofarmu. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda gininta yanzu gidan tarihi ne, a nan Abubakar Imam ya yi karatu, ya kuma zama malami a Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai. Cikin littattafai 5 da aka buga, Ruwan Bagaja na Imam ne, yana ɗan shekara 22, Ganɗoki na wansa ne Malam Bello Kagara, Shaihu Umar kuma na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma ɗan wannan kwaleji.

Imam bai ɓoye cewa ya sha daga littafin Larabci Muƙamatul Hariri ba. Da aka ɗauke shi zuwa Zariya a 1936 don aikin Magana Jari Ce, tarin littattafan Larabawa da na Turawa aka ajiye masa, ya karanta, ya sake ƙera labaran har suka zama kamar a zauren wani sarkin Hausa aka haife su. Wanda ya san wannan, in ya koma ga aku da Waziri, da wani ido zai karanta: zai fara neman inda aka yi ɗinkin.

Yaya zan karanta irin wannan littafi in amfana?

Sau biyu. Na farko don daɗi, kada ka riƙe biro. Na biyu ka riƙe, ka riƙa tambaya: daga ina ya fara, me ya sa ba daga haihuwa ba? Wane ƙaramin abu ya nuna, fitila ko allo ko takalmi, da ya sa na ga ɗakin? Sannan ka zaɓi shafi guda ka karanta da ƙarfi, ko da a zaure kai kaɗai ne. Kunne na kama abin da ido ya wuce.

Ni ba kowa ba ne, zan iya rubuta nawa?

Baba ba ta yi boko ba, Dorugu kuma yaron wani ne mai ɗaukar kaya. Ka fara da kakarka in tana raye. Ka kai mata goro, ka kunna rikoda a waya, kada ka ce "ba ni tarihinki", don za ta ce ba ta da shi. Ka tambaye ta nawa ne sadakinta, wa ya yi mata rakiya, ta wace ƙofa aka shigo da ita birni.