Zaɓar wa Yaro Na'urar Sauraren Waƙoƙi: Amsoshin Tambayoyin da Iyaye Suke Ta Maimaitawa

Na daɗe ina gyaran ƙananan na'urorin sauti, kuma da wuya mako ya wuce wani uba ko wata uwa ba su tambaye ni wace na'ura za su saya wa yaro domin ya riƙa sauraren waƙoƙi, ko tatsuniyoyi, ko karatun Alƙur'ani ba. Tambayoyin ba sa sauyawa. Abin da yake damuna shi ne, wadda ta fi kowace muhimmanci a cikinsu, wato maganar kunnen yaron, ita ce ba a cika yi ba sai in ni na tayar da ita. Ga amsoshin a wuri guda.

Me zai hana in ba shi tsohuwar wayata kawai?

Abin da zai hana shi ne waya ce. Ko an cire mata layi tana iya hawa intanet, ga kyamara, ga wasanni, ga bidiyo. Yaron da aka bai wa waya domin ya saurara, kallo zai koma yi kafin mako ya zagayo.

To iPod fa?

Kamfanin Apple, mai wannan na'urar sauraren waƙoƙi, ya daina ƙera shi. Ya tsayar da ƙananan, wato nano da shuffle, a 2017, sannan ya tsayar da na ƙarshe, iPod touch, a watan Mayu na 2022. Duk wanda kuka gani a kasuwa yau tsoho ne, batirinsa ya tsufa, kuma ba ya ɗaukar memori. Ku bar shi.

Wace iri ce ta dace?

Ƙarama, marar nauyi, mai maɓallai da ake dannawa, wadda take ɗaukar memori kuma ba ta hawa intanet. Irin su SanDisk Clip Jam da Clip Sport, masu maƙalewa a riga, da wasu ƙananan Walkman na kamfanin Sony, duk wannan fasalin ne. Maɓalli ya fi fuskar da ake shafawa domin yaro yana haddace wurinsa da yatsa tun kafin ya iya karatu, kuma idan na'urar ta faɗi babu faffaɗan gilashin da zai fashe. Idan yaron bai kai shekara biyar ko shida ba, ƙaramin rediyon nan mai memori da sifika, wanda ake samu a kowace kasuwa, ya fi masa komai, saboda dukan gidan suna jin abin da yake ji kuma babu abin da aka cusa masa a kunne.

Ta yaya zan tabbatar sautin ba zai lalata masa kunne ba? Na ga hedifon ɗin yara da aka rubuta 85 a kwalinsa, ya wadatar?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma ba ni da amsa guda da zan ba ku in ce shi ke nan. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda suke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Sauti mai ƙarfi, idan ya daɗe, yana kashe su, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Lalacewar ba ta zuwa da zafi ko jini, a hankali take taruwa, shi ya sa iyaye suke yi mata riƙon sakainar kashi.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75 na awa 40. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: ga yaro, a 78 awa 20 ne, a 81 awa 10, a 84 awa 5. Ke nan 85 ɗin da aka rubuta a kwali, idan yaro ya ƙure shi, kimanin awa 4 ne kawai a mako, wato rabin awa da 'yan mintoci a rana. Asalin wannan lamba ta 85 daga dokokin kare ma'aikata manya a masana'antu ta fito, ba don kunnen yaro aka yanke ta ba. Saboda haka hedifon mai iyaka ya fi marar iyaka nesa ba kusa ba, amma bai zama lasisin sauraro daga safe har dare ba.

Akwai kuma wata matsalar. Yawancin irin wannan hedifon mai waya, wani ɗan ƙaramin abu ne aka saka masa a ciki da yake rage ƙarfin wutar da take isa ga sifikar. Bai san ko desibel nawa yake fitarwa ba, ragewa kawai yake yi. Idan aka jona shi da ƙaramar na'ura mai rauni, zai iya tsayawa ƙasa da iyakar. Idan aka jona shi da kwamfuta ko rediyo mai ƙarfi, zai iya zarce ta. Mai bulutut yakan fi riƙe iyakarsa, domin shi yake sarrafa ƙarfin sautinsa da kansa, sai dai shi ma wani yana da maɓallin ɗaga iyakar zuwa 94 wanda yaro zai gano cikin kwana biyu, wani kuma da zarar an soka masa waya iyakar ta daina aiki. Ba kowace ƙaramar na'ura ce take da bulutut ba, don haka sai an duba kafin a saya.

Abin da nake ba da shawara, duk da cewa shi ma ba cikakken kariya ba ne, shi ne a haɗa iyaka biyu. A nemi na'urar da ake iya ƙayyade mata sauti daga cikinta. Walkman yana da tsarin da ake kira AVLS domin haka. A na'urorin SanDisk kuma, idan aka zaɓi yankin Turai lokacin saita ta, takan rage iyakar ƙarfinta saboda dokar da Tarayyar Turai ta ɗora wa irin waɗannan na'urori. Masu sayarwa da yawa sukan sauya yankin domin sautin ya yi ƙarfi mai saye ya ji daɗi, don haka ku duba da kanku. Bayan haka a ƙara da hedifon mai iyaka, kuma a tsayar da sautin bai wuce kashi 60 cikin 100 ba. Wannan kashi 60 ɗin ma kintace ne, domin kashi 60 na wata na'urar ya fi kashi 80 na wata ƙarfi.

Tunda ba kowa yake da ma'aunin desibel a gida ba, ga gwajin da ya rage. Ku tsaya gaban yaron da tazarar kamu biyu, ku yi masa magana da muryar da kuka saba. Idan bai ji ba sai kun ɗaga murya, sautin ya yi yawa. Sannan ku saka hedifon ɗin a kunnenku ku ji, amma ku tuna cewa ramin kunnen yaro ya fi na babba ƙanƙanta, sautin da ya yi muku daidai yana iya fin haka ƙarfi a wurinsa. Ku lura da wurin da yake sauraro kuma. A ɗaki shiru yaro ba ya neman ƙarin sauti, amma kusa da janareta, ko injin niƙa, ko cikin Keke Napep, dole ya ƙara domin ya danne hayaniyar, kuma a nan ne ɓarnar take aukuwa. A irin waɗannan wurare gara a kashe na'urar gaba ɗaya. Hedifon mai rufe kunne duka yana tare wani ɓangare na hayaniyar, shi ya sa na fi son sa a kan iyafis, amma wannan alherin nasa shi ne haɗarinsa a kan titi, inda yaro ba zai ji hon ɗin babur ba. Kada a bar shi ya fita da shi a kunne.

Gigabait nawa zan nema?

Takwas ya isa. A matsakaicin inganci, minti ɗaya na MP3 yana cin kusan megabait 1, ke nan gigabait 8 zai ɗauki waƙoƙi kusan 2,000. Karatu na awa 30 ba ya cika gigabait 2. Da yawa daga cikin ƙananan na'urorin nan ba sa karanta memorin da ya wuce gigabait 32, kuma mafi yawan memorin jabu da ake kawo mini masu manyan lambobi ne a kan farashin banza.

Zan iya kai memorin wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa su cika mini?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Kun hana yaro waya domin kada ya ji abin da bai dace ba, sannan ku miƙa memorinsa ga wanda bai san shi ba, ku ce a cika? Abin da yake tura wa samari shi zai tura masa. In dai dole sai an kai, ku faɗi abin da kuke so ɗaya bayan ɗaya, ku dawo gida ku saurara daga farko har ƙarshe kafin ya isa hannun yaron. Idan karatun Alƙur'ani ne, ku tambayi malaminsa riwayar da yake koya masa, domin ɗan tsangaya mai karatun Warshu ba a saka masa Hafsu, ɗan Islamiyya mai Hafsu kuma ba a saka masa Warshu, sai ku rikita masa hadda da hannunku.

Daga shekara nawa?

Ƙasa da shekara uku, sifika kawai. Memori bai kai girman farce ba, yana iya haɗiye shi, wayar hedifon kuma tana iya naɗe masa wuya.

Yarona ya fi shekara yana ji da ƙarfi, na riga na cuce shi ke nan?

Ku kwantar da hankalinku. Sau da yawa toshewar kunne ko ƙarar da ake ji bayan sauti mai ƙarfi takan wuce cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu, kuma rage sautin daga yau yana kare abin da ya rage, wanda a yawancin yara shi ne kusan duka. Amma idan yana yawan cewa a maimaita masa magana, ko yana ƙure sautin talabijin, ko yana ƙorafin kunnensa yana ƙara ba ya dainawa, ko malaminsa ya ce ba ya amsawa a aji, ku kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa. Gwajin ba shi da zafi. Kada a ɗiga masa mai ko wani magani a kunne da sunan gyara.

Batir fa?

Babba ne zai riƙa sa caji, ba yaro ba, kuma ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba. Kada a bar na'urar a rana ko cikin mota a rufe lokacin bazara, domin zafi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Idan kuka ga bayanta ya kumbura ko murfin ya fara ɗagawa, ku karɓe ta daga hannunsa nan take, kada a huda batirin, kada a jefa shi a wuta.

In sayi mai tsada domin ta daɗe?

A'a. Za ta faɗa cikin bokiti, ko a wanke ta a aljihun wando, ko ta ɓace a makaranta. Ku sayi matsakaiciya, ku ajiye kwafin duk abin da yake cikin memorin a kwamfuta ko a wani memorin daban, kuɗin da ya rage kuma ku sa shi a hedifon mai kyau.