Shirin zama masanin fiziks tun daga sakandare

Fiziks reshen kimiyya ne da ke nazarin motsi da ƙarfi da zafi da haske da sauti da lantarki. Mai son ya riƙe shi a matsayin sana'a tun a sakandare yake fara shiri, domin a nan ake zaɓen darussan da jami'a za ta tambaya.

A Najeriya ana rarraba ɗalibai ne a aji huɗu na sakandare, kuma mai wannan buri ajin kimiyya yake shiga. Jami'o'i kan nemi kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan a zauna JAMB. Digirin farko shekara 4 ne. A Nijar kuwa, sashen C na lise, wato babbar sakandare, shi ya fi ba lissafi da fiziks ƙarfi. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977 don irin waɗannan yara.

Ginshiƙin shirin duka lissafi ne. Dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ba sa amfanuwa sai da shi, kuma ɗalibin da aljabara da lissafin kusurwoyi ba su zauna masa ba zai sha wuya tun shekarar farko a jami'a. Inda makaranta ke koyar da lissafi mai zurfi, bai kamata a bar shi ya wuce ba, domin a cikinsa ake fara haɗuwa da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa. Babbar illar da ke samun ɗalibai ita ce haddace ƙa'idoji ba tare da sanin inda suka fito ba. Hadda na iya fitar da yaro a jarrabawa, amma da an sauya wa tambaya fuska sai ya tsaya cak.

Sai gwaji da hannu. Makarantu da yawa ba su da isassun kayan ɗakin gwaji, abin takaici ne, amma wasu gwaje-gwajen ba sa cin kuɗi. Zare mai tsawon mita 1 da aka ɗaura wa ƙaramin dutse yana kai wa da komowa cikin kusan daƙiƙa 2. Idan ɗalibi ya ƙirga lilo 20 da agogon waya, ya maimaita da tsayin zare daban-daban, ya zana jadawali, zai fitar da saurin da ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa, wato kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Da haka yake koyon auna abu da gane kuskuren awo. Koyon rubuta manhaja, musamman da harshen kwamfuta na Python, shi ma yana da amfani sosai.

Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja tana shirya gasannin kimiyya na 'yan sakandare, kuma gasar fiziks ta duniya an fara ta ne a Poland a 1967.

Bayan karatu akwai ayyuka kamar koyarwa, binciken ma'adinai da mai, sadarwa, aikin na'urorin haske a asibiti da makamashin rana. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Jami'ar Yamai kuma tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin fiziks ɗan Nijar da ya yi fice a binciken makamashin rana.